Kofin MOBO a ma'aunin mawaƙin Jos mai cin gashin kansa

Duk lokacin da aka fitar da sunayen waɗanda za su fafata a MOBO, bikin karrama mawaƙa na Birtaniya, sai gardama ta ɓarke a situdiyoyin Jos, daga Titin Bauchi har Bukuru. Wasu su ce wannan kofi na Ingila shi ne ƙofar duniya, wasu su ce shagalin manya ne, ba ruwan yaron da ke haɗa kuɗin situdiyo da wasan biki. Masu sa rai suna da hujjarsu. 2Face Idibia a garin nan aka haife shi, kuma ya ɗauki kofin gwarzon mawaƙin Afirka na MOBO a 2007. Ice Prince da ya tashi a nan ya ɗauko na BET, bikin karramawa na Amurka, a 2013. Sai dai kowannensu a lokacin yana da kamfani a bayansa, na farko Kennis Music, na biyu Chocolate City, kuma daga Legas suka yi tsalle zuwa waje. Mawaƙin da shi ne manajan kansa, shi ne mai tallan kansa, shi ke biyan makaɗi daga aljihunsa, lissafinsa daban ne. Don haka a nan za a auna MOBO yadda ake auna kowace hidima: me ake kashewa, me ake samu, kuma a ina ake tuntuɓe.

Sunan MOBO taƙaitawa ce ta Music of Black Origin, yana nufin waƙoƙin da suka samo asali daga baƙar fata. Kanya King, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ita ta jagoranci kafa shi a Landan a 1996, bayan ta jinginar da gidanta don biyan kuɗin bikin farko. Ya zauna a Landan har 2009 da aka kai shi Glasgow, daga nan ya shiga yawon birane: Liverpool, Leeds, Coventry, Sheffield a Fabrairun 2024, Newcastle a Fabrairun 2025. Ba a yi shi ba a 2018 da 2019, a 2020 kuma ta intanet aka gudanar da shi. Asalin kiɗan ake dubawa, ba launin fatar mai rerawa ba, shi ya sa Sam Smith ya kwashe kofi 4 a 2014, abin da ya jawo surutu sosai.

A fara da inda MOBO ya cancanci yabo, domin ya cancanta. Cikin manyan bukukuwan karramawa, yana daga waɗanda ba sa tambayar mutum wane kamfani ya ɗaure masa gindi kafin su kira sunansa. A 2014 Stormzy ya ɗauki kofin rukunin grime, wani salon rap na Landan, ba tare da ya sa hannu a wata kwangila ba, ya sake ɗauka a 2015, kuma kundinsa na farko da ya fito a 2017 ƙarƙashin nasa ƙaramin kamfani ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Ingila. Little Simz, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta raba kofin kundin shekara da Knucks a 2022, alhali a ƙarƙashin nata kamfanin take fitar da aiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a kasuwar da kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, suka kankane. Haka kuma bikin yana jin kira idan aka matsa masa. Da aka cire rukunin jazz a 2006, makaɗan suka yi zanga-zanga a ƙofar zauren bikin, shekarar da ta biyo baya aka mayar da shi. An ƙara rukunin drill, wani salon rap, a 2021.

Labarin Little Simz ɗin nan kuma shi ne ya fi nuna iyakar kofi. A Fabrairun 2022 ta karɓi lambar yabo ta Brit. Wata biyu bayan haka ta ɗage rangadin da ta shirya a Amurka, ta ce tunda ita ke biyan komai daga aljihunta, wata guda a can zai bar ta cikin giɓi mai yawa. Ga suna ya cika gari, ga aljihu bai kai ba. Kofi ake miƙa wa mutum a MOBO, ba cek ba. Lambar Mercury ta Ingila tana zuwa da fam 25,000, rukunin Next Rated, wato na mai tasowa, a bikin karrama mawaƙa na Headies a nan gida yana zuwa da mota, amma MOBO sunansa yake ba ka aro, kai za ka san yadda za ka juya shi ya zama kuɗi.

Taimakon da ya fi taɓa masu cin gashin kansu kai tsaye ba a daren bikin yake ba. Akwai gasar MOBO UnSung ta mawaƙan da ba su da kamfani, inda ake tace 'yan kaɗan a haɗa su da masu koyarwa da lokacin situdiyo da damar hawa dandamali. Sai kuma asusun da suka kafa da ƙungiyar Help Musicians a 2017, wanda a wasu zagayen ya ba da tallafi har fam 3,000 don ɗaukar waƙa, bidiyo ko talla. Dukansu na mazauna Birtaniya ne. Ɗan Jos da ke karatu a Manchester ko Coventry yana da takardar zama, ya kamata ya karanta sharuɗɗan da kyau ya gwada sa'arsa. Wanda ke Unguwar Rogo kuwa kada ya ƙona datarsa a kan fom ɗin, kuma duk wanda ya zo masa da cewa zai shigar da shi a kan wani kuɗi, ɗan damfara ne.

Abin da ya rage wa mazaunin Najeriya shi ne rukuni biyu: na gwarzon Afirka da na gwarzon ƙasashen waje. A nan hidimar ta fi rauni. Nahiya mai ƙasashe 54 an cusa ta a kujera ɗaya, kuma jerin waɗanda suka ci ya nuna inda ruwan ke gangarawa: 9ice a 2008, Nneka a 2009, Wizkid a 2011, D'banj a 2012, Fuse ODG sau uku a jere daga 2013, Davido a 2017, Burna Boy a 2022, Asake a 2024, Ayra Starr a 2025. Har zuwa wannan biki na 2025 babu mai waƙa da Hausa da ya ɗauka. Harshe ba shi ne katangar ba, tunda 9ice da Asake galibi da Yarabanci suke waƙa. Katangar ita ce ko ana jin mutum a Ingila. Masu tace sunaye 'yan harkar waƙa ne na can: masu gabatar da shiri a rediyo, 'yan jarida, masu shirya wasa. Abin da ke ratsa kunnensu shi ne abin da ake sawa a tashar rediyon BBC 1Xtra, da abin da ke kan jadawalin Afrobeats na Birtaniya da aka fara a Yulin 2020, da wanda ya cika zaure a Landan. Waƙar da ta karaɗe Arewa da Nijar da Zongon Kumasi, amma duk ta hanyar masu tura waƙa a waya ta yaɗu, a idon waɗannan mutane ba ta wanzu ba.

Wannan batu na masu turi ya cancanci a tsaya a kansa. A Terminus mutum zai miƙa memori, a cika masa waƙa ɗari a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Mawaƙi ya yi suna, ana kiransa biki, ana yi masa liƙi, kuma wannan rayuwa ce ta gaske. Amma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan kunnuwa da ke shiga lissafi. Lambobin yabo na waje da alƙaluma suke aiki, alƙaluma kuma daga Spotify da Apple Music da YouTube da Audiomack da Boomplay suke fitowa.

To, ga inda aikin ke lalacewa tun kafin a zo maganar kofi. Kowane biki yana da wa'adi na kusan shekara guda da ake sanarwa, kuma waƙar da ta fito a cikinsa kaɗai ake dubawa. Ranar fitowa kuwa ita ce wadda ke rubuce a dandalin saurare, ba ranar da aka gama haɗawa a situdiyo ba. Abin da aka saba gani shi ne mawaƙi ya saki waƙa a WhatsApp da TikTok, ta yi wata biyar tana tashe, sannan ya tuna da ɗora ta ta hannun mai rarrabawa, wato kamfanin da ke kai waƙa dandalin saurare, irin DistroKid ko TuneCore. Kafin nan wasu shafuka uku sun riga sun ɗora ta da sunansu, masu sauraro sun rarrabu, kuma shi mai waƙar sai ya koma yana neman hujjar cewa tasa ce. Tsarin da ya dace shi ne a miƙa waƙa ga mai rarrabawa mako uku zuwa huɗu kafin ranar fita, a gabatar da ita ga masu tsara jerin waƙoƙi ta Spotify for Artists aƙalla kwana 7 kafin ranar, sannan a saki guntun talla. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kowace waƙa da aka ɗauka tana buƙatar lambar ISRC, wato lambar shaidar waƙa ta duniya, mai harafi da lamba 12: biyu na farko na ƙasa ko hukumar da ta bayar, uku na mai rajista, biyu na shekara, biyar na ita waƙar. Mai rarrabawa yakan bayar kyauta. Kuskuren da ake yi shi ne idan mutum ya sauya mai rarrabawa sai ya bari a ba waƙar sabuwar lamba, nan take ƙidayar saurarenta ta koma sifili. A ajiye lambar farko a littafi, a sake amfani da ita tare da ainihin fayil ɗin farko.

Sai matsalar da ta keɓanta da mu, wato baƙaƙe masu lanƙwasa. Mawaƙi ya rubuta sunansa da Ɗan a waƙa ta farko, Dan a ta biyu, 'Dan a ta uku, sai kwamfuta ta ɗauke shi mutum uku ta buɗe masa shafi uku. Ɗan jaridar Landan da ya nemo shi zai faɗa kan shafin da ke da masu sauraro 40, ya wuce abinsa. A zaɓi rubutu ɗaya a tsaya a kansa har abada, a kuma zaɓi Hausa a gurbin harshe lokacin cike bayanan waƙa.

Fayil ɗin da ake miƙawa WAV ne, aƙalla 16-bit a 44.1kHz, ba MP3 ɗin da ya zaga wayoyi biyar ba. Hoton bango ya zama murabba'i, 3000 sau 3000, ba lambar waya, ba adireshin shafi, ba tambarin Facebook, don ana mayar da aiki saboda waɗannan. Al'adar buɗe waƙa da kirarin situdiyo da lambar furodusa ta dace da memori, amma a fitar da wani kwafi mai tsabta don waje. Haka cika ƙara har mita ta yi ja ba ta ƙara komai, tunda Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa kusan -14 a ma'aunin ƙara na LUFS. Abin da zai rage shi ne ganga da kalangu da suka murƙushe, muryar amshi kuma tana tsatsa a kunne.

Babban ramin shi ne mallaka. Karin da aka ɗauko daga fim ɗin Indiya, ko kiɗan da aka sauke kyauta daga YouTube, yana iya wucewa a gidan biki, amma manhajar gano haƙƙin mallaka za ta kama shi, kuɗin ya tafi ga mai asali ko a sauke waƙar ɗungurungum. Kuma ko kiɗan na gida ne, a rubuta takardar rabo a ranar da aka ɗauki waƙar: wa ya rubuta baiti, wa ya yi kiɗa, wa ya yi amshi, kashi nawa na kowa, wa aka biya sau ɗaya ya sallama, kowa ya sa hannu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sallama haƙƙi ko ba da lasisi na keɓe sai a rubuce. Rigimar ba ta tashi lokacin da waƙa ke kwance. Ranar da suna ya fito a jerin 'yan takara ake ganin makaɗi ya tuna cewa dubu goman da aka ba shi kuɗin mai ne kawai, ya aika ƙorafi, a sauke waƙar ana tsakiyar ƙuri'a.

Sayen masu sauraro na bogi kuwa kashe kai ne. Dandalin suna ganewa idan dubban saurare suka fito daga gari ɗaya da tsakar dare ba wanda ya adana waƙar, su goge ƙidayar, wani lokaci mai rarrabawa ya rufe asusun da duk abin da ke ciki.

A ce duk an tsallake waɗannan, suna ya fito. Wasu rukunonin kwamiti ke yankewa, wasu kuma jama'a ke kaɗa ƙuri'a ta intanet, kuma a irin na biyun mai cin gashin kansa yana karawa ne da mawaƙan da mabiyansu suka kai miliyoyi. Sai tafiya. A bukukuwan 2024 da 2025 an sanar da sunaye a Disamba, aka yi biki a Fabrairu, wato kusan wata biyu, da hutun Kirsimeti a tsakiya. Bizar ziyara takan ɗauki kimanin mako uku bayan an ɗauki hoton yatsa, kuma daga Jos sai an bi ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja. Abin da ya fi kayar da mawaƙanmu shi ne bayanan banki. Kuɗin liƙi da na wasan biki a hannu suke shigowa, asusu ya yi wata shida shiru, sai ana saura mako guda wani ɗan'uwa ya zuba miliyoyi. Jami'in biza yana ganin haka zai ce ba a san asalin kuɗin ba. Maganin shi ne a saba zuba kuɗin wasa a banki a kai a kai, da rasit ko takardar yarjejeniya ga kowane wasa. Kuma halartar biki daban, yin wasan da za a biya mutum daban: na biyun yana buƙatar takardar gayyata daga wanda zai biya, a kuma yi shi cikin kwana 30 na farko da shiga ƙasar. Jirgi daga Abuja zuwa Landan awa shida da 'yan kai ne, Newcastle kuma wasu awa uku a jirgin ƙasa. Mutumin Jos yana taƙama da sanyi, amma Fabrairun arewacin Ingila zai sa ya sake tunani; a sa kuɗin riga mai kauri a lissafi.

Me ake samu bayan wannan wahala? Abu na farko, takarda. Tun Mayun 2021 kofin MOBO na gwarzon ƙasashen waje yana cikin jerin lambobin yabo da ke ba mutum damar neman bizar Global Talent ta Birtaniya ba tare da ya bi ta matakin neman amincewa ba. Wanda bai kai nan ba, ta hannun hukumar fasaha ta Arts Council England yake bi don neman amincewar, da wasiƙun shaida 3 da hujjoji da ba su wuce 10 ba na shekara 5 da suka gabata, kuma fitowa a jerin 'yan takarar babbar lambar yabo yana daga abin da ake karɓa ga masu tasowa. Na biyu, ƙarfin ciniki. Mai shirya wasa a Abuja da ke cewa ka zo ka yi don a san ka, ba zai iya maimaita wannan magana ba. Mai rarrabawa da ke neman kashi mai tsoka zai sassauta, kuma mawaƙi yana iya ba da lasisi na 'yan shekaru maimakon sayar da waƙoƙinsa baki ɗaya. Amma wannan zafi ba ya daɗewa. Wanda ba shi da sabuwar waƙa a ajiye, da hotuna, da tarihinsa a shafi ɗaya cikin Turanci da Hausa, da adireshin imel da ake amsawa, zai ga makonnin sun wuce ba abin da ya kama. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Idan aka ɗora shi kusa da 'yan'uwansa, ga mazaunin Jos AFRIMA, bikin karrama mawaƙan Afirka, ya fi kusa da hannu. An fara shi a 2014 tare da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka, ya raba nahiyar shiyya biyar, yana da rukunoni na nau'in kiɗa har da na gargajiya, kuma mawaƙi da kansa yana iya shigar da aikinsa ta shafinsu. Headies, da ya fara a 2006, yana da rukunonin masu tasowa, sai dai kunnensa na Legas ne, kuma kai bikin Atlanta a 2022 da 2023 ya mayar da halarta maganar bizar Amurka a waɗannan shekaru. A ma'aunina, ga mai cin gashin kansa da ke zaune a Birtaniya MOBO ya ci huɗu cikin biyar. Ga na Jos bai wuce biyu ba, kuma biyun nan na takarda ne da ƙarfin ciniki.

Waɗanda ya kamata a fi yi wa hattara su ne ƙananan bukukuwan karramawa da ke tsirowa a otal-otal na Jos da Abuja duk ƙarshen shekara. Akwai na kirki a cikinsu. Amma idan aka ce ƙuri'a ta kuɗi ce kuma ba iyaka, a yi lissafi: a ce ƙuri'a naira 100, mutum biyar a rukuni, kowa ya tara ƙuri'a 3,000, mai shiri ya tashi da naira miliyan ɗaya da rabi a rukuni ɗaya, wanda ya ci kuma ya koma gida da gilashi mai rubutu. A tambayi su waye alƙalai, a nemi jerin waɗanda suka ci bara, a ga ko wata jarida ta ruwaito. Idan an ce sai ka sayi tebur kafin a kira sunanka, amsar ta fito.

Kowane biki ne kuwa, babba ko ƙarami, ranar da suna ya fito a adana hujja: wasiƙar imel ta asali, hoton shafin da ke ɗauke da jerin sunaye da kwanan wata da adireshinsa a bayyane, da labarin jarida aƙalla biyu a PDF. Shafukan bukukuwa sukan goge jerin bara da zarar na bana ya hau, kuma hoton da aka ɗauka daga Instagram ba kowane ofishi ke karɓarsa ba.